Man ƙamshin tsirrai da mantuwa: abin da gwajin ɓeraye ya nuna da inda ya tsaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, kuma tun bara mantuwa ta matsa mata. Sai ta ajiye abu ta rasa inda ta sa shi, ta yi tambaya ɗaya sau uku a zama ɗaya. An turo mana wani bidiyo a WhatsApp ana cewa Turawa sun gwada man rozmari da man labanda a kan ɓeraye, ƙwaƙwalwarsu ta dawo daram. Gaskiya ne? In gaskiya ne, sha za ta yi ko shaƙa? Ina kuma da yaro mai haddar Alƙur'ani, ko shi ma zai amfana?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da ita.

Gwaje-gwajen da aka ambata a bidiyon gaskiya ne, an yi su, an kuma buga sakamakonsu a mujallun kimiyya. Sai dai mantuwar da aka magance wa ɓerayen ba irin ta Hajiya ba ce, kuma a nan maganar take. Shaƙar ƙamshin kaɗan babu laifi ga mai lafiyar ƙirji. Sha kuwa, don Allah kada ku ba ta. Bari in warware miki dalili, domin harhaɗa magunguna shi ne fannina, kuma na san yadda ake yin irin wannan gwaji a ɗakin bincike.

Man da ake magana a kai, na tsirrai masu ƙamshi irin su rozmari da labanda, ba ɗan'uwan man gyaɗa ko man zaitun ba ne, waɗanda ake samu ta hanyar matsewa. Shi wannan da tururi ake fitar da shi. Ana cika tukunya da ganye ko fure, a tura tururi ya ratsa, ya kwaso sinadaran ƙamshin, sannan a sanyaya tururin ya koma ruwa, sai man ya taso a sama a kwashe. Abin da ake samu ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Furen wardi sai an tara tan 3 zuwa 4 kafin a sami kilo ɗaya na mai. Shi ya sa ɗigo ɗaya yake da ƙarfin da bai yi kama da shayin ganyen ba ko kusa. Sinadaran ciki ƙanana ne, suna tashi a iska, suna kuma narkewa a kitse, don haka idan aka shaƙa suna iya bi ta huhu su shiga jini, wasunsu su kai ga ƙwaƙwalwa.

Masana ba da ka suka fara zargin cewa za su taimaki tunani ba. A shekarun 1970 aka gano cewa ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wato nau'in ciwon mantuwa na tsufa da ya fi yawa, tana ƙarancin wani sinadari mai suna asetilkolin, wanda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi wajen koyo da riƙe abu. Akwai wani sinadarin da aikinsa shi ne farfasa asetilkolin da zarar ya isar da saƙo. Idan aka rage masa ƙarfi, sai ɗan asetilkolin da ya saura ya daɗe yana aiki. Haka maganin donepezil da ake ba masu Alzheimer yake yi, wanda aka amince da shi a Amurka a 1996, haka ma galantamine, wanda asalinsa daga tsiro aka samo shi. A farkon shekarun 2000 masu bincike a Newcastle ta Ingila suka nuna cewa man wani ganye da ake kira sejin Sifaniya yana rage ƙarfin wannan mai farfasawar a cikin kwalbar gwaji, sannan suka ba ɓeraye ta baki, suka ga hakan a wasu sassan ƙwaƙwalwarsu. Sinadarin sineyol, wanda ya yi yawa a man rozmari da na bishiyar turare, yana cikin masu yin wannan aikin. Amma ƙarfinsa a gaban donepezil kaɗan ne matuƙa.

To yaya ake auna tunanin ɓera, tunda ba ya magana? Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Richard Morris ya ƙirƙira a Jami'ar St Andrews ta Sikotland a farkon shekarun 1980. Wani ƙaton baho ne mai zagaye, faɗinsa ya kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a cika shi da ruwa, a zuba garin madara ko farin fenti marar guba don kada a ga ƙasa. A wani gefe akwai ɗan dandamali da ruwa ya rufe da kamar santimita ɗaya ko biyu. A jikin bangon ɗakin an manna alamomi. Sai a saki ɓera a ruwan. Ranar farko za ki ga ya bi gefen bahon yana ta kewaya, yana karce bango da farce yana neman mafita, har ƙafarsa ta ci karo da dandamalin, ya hau ya tsaya yana karkaɗe ruwa yana waige-waige. Wannan waigen shi ne karatun, alamomin bango yake haddacewa. Bayan 'yan kwanaki, duk inda aka sake shi sai ya miƙe ɗoɗar zuwa wurin. Ranar ƙarshe a cire dandamalin a ga ko zai dinga kewaya inda yake a da. Akwai wasu hanyoyin, kamar akwati mai rassa uku ko takwas, da kuma ajiye masa sabon abu kusa da wanda ya saba gani a duba wanne zai fi shinshina.

Lafiyayyen matashin ɓera ba shi da mantuwar da za a magance. Dole mai bincike ya jawo masa ita da kansa. Hanya mafi sauƙi da arha ita ce allurar sikofolamin, sinadarin da yake cikin zaƙami, shi ne ma ɗaya daga abubuwan da ke sa wanda ya sha zaƙami ya fita hayyacinsa, gari ya waye bai san abin da ya yi jiya ba. Sikofolamin yana toshe wuraren da asetilkolin ke sauka. Bayan kamar rabin awa da allurar, ɓeran da ya san hanya sai ya koma kewaye-kewaye. Ƙungiyar Lucian Hritcu a jami'ar birnin Iasi ta Romaniya ta yi aiki mai yawa a wannan fage. A 2012 suka buga cewa ɓerayen da aka sa a akwati suna shaƙar man labanda awa guda kullum sun fi 'yan'uwansu gane hanya bayan an yi musu wannan allurar. Daga baya suka samu makamancin haka da man kusbara a ɓerayen da aka ɗura wa furotin amiloyid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzheimer, kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, bayan shaƙar kwana 21.

Sakamakon ba ƙarya ba ne. Amma ki lura da abin da ya faru. An toshe hanyar asetilkolin da gangan na 'yan awoyi, aka kawo abin da ke ƙara asetilkolin, toshiyar ta ragu. Kamar ka yi wa jaki dabaibayi da hannunka ne, ka sassauta igiyar, ya taka, ka ce ka samo maganin gurgunta. Jijiyoyin ɓeran suna nan lafiya ƙalau, da an bar shi ma allurar za ta sake shi. A ciwon mantuwa na tsufa kuwa jijiyoyin ne da kansu suke mutuwa a hankali, shekara goma ko ashirin kafin iyali su fara lura.

Akwai gwaje-gwajen da suka fi wannan nauyi, kuma ina ganin ya dace a ba su haƙƙinsu. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake da ƙananan ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin halittar ɗan'adam masu jawo Alzheimer, suna girma amiloyid yana taruwa a ƙwaƙwalwarsu. A 2016 masu bincike a Jami'ar Antioquia ta Kolombiya suka ba irin waɗannan ɓerayen, bayan sun tsufa, sinadarin linalul na labanda ta baki har wata uku, suka ga sun fi gane hanya, amiloyid da alamun kumburi a ƙwaƙwalwa sun ragu. A 2023 wata cibiya ta Jami'ar Navarra a Sifaniya ta buga cewa shaƙar mentol, sinadarin na'a-na'a, lokaci-lokaci har wata shida ya hana tunanin irin waɗannan ɓerayen lalacewa, kuma sun danganta hakan da raguwar wani sinadarin kumburi da garkuwar jiki ke fitarwa. Wannan aikin ya burge ni, domin ya buɗe wata ƙofa daban, wato hanci yana iya yi wa garkuwar jiki magana.

Duk da haka ɓera ba ya kamuwa da Alzheimer da kansa. Rayuwarsa duka shekara biyu ce ko ɗan fiye, kuma ƙwayoyin halittar da aka dasa masa na wani nau'in ciwon ne na gado wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. An sha warkar da waɗannan ɓerayen. Wani nazari da Jeffrey Cummings da abokan aikinsa suka buga a 2014 ya bi diddigin magunguna 244 da aka gwada a kan mutane masu Alzheimer daga 2002 zuwa 2012. Guda ɗaya tak ya sami amincewa, wato kashi 99.6 cikin ɗari sun faɗi, alhali yawancinsu sun yi abin a zo a gani a jikin dabbobi kafin a kai su ga mutane.

Sannan a maganar ƙamshi musamman, ɓera da mutum ba ɗaya ba ne. Ɓera da hanci yake rayuwa. Yana da nau'o'in masu karɓar wari sama da 1,000, mu muna da kusan 400, kuma kusan rabin cikin hancinsa fatar jin wari ce, alhali tamu ɗan wuri ne can sama. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Kagoshima ta Japan a 2018 ya fito da wannan fili. Ƙamshin linalul ya rage wa ƙananan ɓeraye fargaba, amma da aka lalata musu jin wari sai ya daina aiki gaba ɗaya. Ke nan ta hanci saƙon ya bi. Wannan ya haifar da wata tambayar da nake yi wa duk ɗalibin da ya kawo mini irin wannan sakamako: ƙwaƙwalwar ɓeran ce ta gyaru, ko hankalinsa ne ya kwanta? Jefa ƙaramar dabba cikin ruwa abin tsoro ne. Wanda fargabarsa ta ragu zai fi nutsuwa ya nemi dandamali ko da tunaninsa bai ƙaru da komai ba.

Akwai kuma raunin da ke cikin tsarin aikin. Yawanci ɓeraye shida zuwa goma ne a kowane rukuni, matasa, kuma maza. Ƙa'ida ita ce mai auna sakamako kada ya san wanne aka ba magani, to amma ɓeran da ya kwashe awa guda cikin tururin labanda, kana ɗaga shi hancinka ya gaya maka. Gwajin da bai nuna komai ba kuma sau da yawa a aljihun tebur yake ƙarewa. Masu bincike a Edinburgh sun lissafa a 2010 cewa a gwajin magungunan shanyewar ɓarin jiki a kan dabbobi, rashin buga irin wannan sakamako ya kumbura amfanin da ake gani da kusan kashi ɗaya cikin uku. Uwa-uba, man ma ba iri ɗaya ba ne. Rozmarin Maroko da Tunisiya sineyol ya fi yawa a ciki, na Sifaniya kafur ya fi yawa. Mai bincike yana tantance nasa da na'ura kafin ya fara. Kwalbar da ke kasuwa kuwa, da yawa turaren haɗi ne aka sirka da wani mai.

A kan mutane fa? An gwada, amma kaɗan. Mark Moss na Jami'ar Northumbria ya sa mutum 144 masu lafiya a ɗakunan da ke da ƙamshin rozmari ko labanda ko babu komai, a 2003. 'Yan ɗakin rozmari sun ɗan fi tuna abu, 'yan ɗakin labanda kuwa sun ma ragu a riƙe abu na ɗan lokaci, kuma sun yi sanyin amsawa. Ki ga labandar da ta taimaki ɓera ke nan. A 2012 ya nuna a mutum 20 cewa sineyol yana shiga jini bayan shaƙa. A Japan a 2009 an gwada tsofaffi 28, rozmari da lemun tsami da safe, labanda da lemun zaƙi da dare, har kwana 28, aka ga ɗan ci gaba, sai dai babu wani rukuni daban na kwatantawa. Wanda ya fi yawo a intanet shi ne na Jami'ar Kaliforniya da ke Irvine a 2023, inda aka ce tunani ya ƙaru da kashi 226 cikin ɗari. Mutum 43 ne, masu shekara 60 zuwa 85, babu mai ciwon mantuwa a cikinsu, adadin kuma bambanci ne tsakanin rukuni biyu a gwajin haddace jerin kalmomi, kuma kamfanin Procter & Gamble ne ya ɗauki nauyin aikin. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 13 na masu ciwon mantuwa su 708 a 2020, hukuncinta shi ne babu gamsasshiyar hujjar cewa maganin ƙamshi yana amfanarsu.

In kin tambaye ni abin da na fi sa wa rai a duk wannan fage, ba wani mai guda ɗaya ba ne. A gwajin Irvine ƙamshi bakwai aka dinga juyawa, kowane dare da nasa, awa biyu. Tun 2002 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta Faris suka ga cewa ƙananan ɓerayen da ake canza wa ƙamshi kullum sun fi samun sabbin jijiyoyi da suka rayu a sashen jin wari, sun kuma fi tuna wari. Hanyar wari gajera ce zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tunawa, kuma raguwar jin wari na cikin alamun farko na Alzheimer da ciwon karkarwa na Parkinson. Mai yiwuwa motsa hancin ne ke da amfani, ba sinadarin ba. In haka ne, citta da kanumfari da ɓawon lemo da na'a-na'ar da ke kicin ɗinku sun wadatar, ba sai kun sayi kwalba mai tsada ba.

Na san za a ce ina habbatus sauda da lubban, tunda su aka fi ba masu hadda a wurinmu. Man habbatus sauda da ke kasuwa matsattse ne, ba na tururi ba, ko da yake yana ɗauke da ɗan sinadarin timokwinon. An gwada shi a ɓeraye har a nan gida, a Jami'ar Ilorin, da allurar sikofolamin ɗin nan, aka ga amfani, kuma duk abin da na faɗa a sama ya hau kansa. A Bangladesh a 2013 an ba tsofaffi masu lafiya, cikin mutum 40 da aka raba biyu, garin habbar miligiram 500 sau biyu a rana har mako tara, aka ga ɗan ƙarin riƙe abu. Lubban kuwa, yawancin gwajin tunani da aka yi a ɓeraye da ƙaron kansa aka yi ko abin da aka tsamo daga ciki. Sinadaran boswelik da ake yabonsa dominsu suna da nauyi, ba sa tashi da tururi, don haka ba sa cikin man lubban na ƙamshi. Wanda ya sayar miki da man yana kafa hujja da gwajin ƙaro, ya haɗa abu biyu daban.

Yanzu ga abin da ya sa na hana sha. Man bishiyar turare da kafur suna tayar da farfaɗiya. Likitoci a kudancin Indiya sun buga a 2021 cewa cikin mutum 350 da suka zo musu da farfaɗiya, 55 abin ya biyo bayan shafa ko shaƙa ko haɗiyar waɗannan mayukan, wasunsu ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Man seji na yau da kullum yana da tujon, shi ma haka yake yi. Man kanumfari cokali ɗaya ko biyu na shayi ya taɓa lalata hantar ƙananan yara. Man tsiron wintagirin da ake sawa a man zafi, cokalin shayi ɗaya daidai yake da ƙwayar asfirin ta manya kusan 21. Tsohuwa mai mantuwa tana iya shan abu ta manta ta sake sha, don haka kwalbar ma kada a bar ta a ɗakinta, kada kuma a bar ta inda jikoki za su kai hannu. In kuna son ƙamshin, ɗigo ɗaya ko biyu a auduga, a ajiye nesa da fuska, taga a buɗe, na ɗan lokaci. Idan tana da asma ko tarihin farfaɗiya, a bar shi kwata-kwata. Ba a shafa shi tsurarsa a fata, kuma ba a ɗiga shi a hanci.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne shekara guda ta wuce, kuma ban ji kin ambaci asibiti ba. Mun saba cewa gigin tsufa ne, a yi haƙuri. Amma akwai abubuwa da dama da ke kawo irin wannan mantuwar kuma ana magance su: ƙarancin bitamin B12, musamman ga mai ciwon suga da ta daɗe tana shan metformin, raunin aikin ƙabar maƙoshi ta tayiroid, wadda kumburinta ke zama maƙoƙo, ciwon damuwa bayan rasuwar miji ko ɗa, raunin ji da ke sa a zaci mantuwa ce alhali ba ta ji maganar ba tun farko, da hawan jini da ke toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa a ɓoye. Akwai ma magungunan da suke yi wa tsofaffi irin abin da sikofolamin ke yi wa ɓera, ciki har da wasu na mura da ƙaiƙayi masu sa barci, da amitriptyline, da wasu na riƙe fitsari. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa yana da alaƙa da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, irin su hawan jini, suga, raunin ji da na gani, rashin motsa jiki da kaɗaici.

Yaronki kuma, babu gamsasshiyar hujjar cewa mai yana ƙara hadda. Barci shi ne yake zaunar da abin da aka karanta da rana, sai muraja'a a kai a kai. In yana yawan kasala ko ya ɗashe, a auna jininsa, ƙarancin jini yana rage wa yara fahimta.

Ku kai Hajiya babban asibiti, ɓangaren likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ko na tsofaffi. Ku zuba duk magungunan da take sha a leda ɗaya ku tafi da su, har na gargajiya da na kemis, kuma wanda ya fi zama da ita ya raka ta, domin shi likita zai tambaya yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, tana iya lissafin kuɗi da na raka'o'in salla, ta taɓa ɓata a hanyar da ta sani. In mantuwar ta tsananta cikin 'yan kwanaki, ko ta zo da zazzaɓi, karkacewar baki ko nauyin harshe, wannan kada a jira ranar ganin likita, a tafi da ita sashen gaggawa a ranar.